Ɗaga mota da sa mata manyan tayoyi: me yake ƙara mata a daji, me yake rage mata?

Shin idan aka ɗaga Hilux sama, aka sa mata tayoyi masu kauri, aka ɗaura mata bambar ƙarfe a goshi da bututu a gefen gilashi, ta zama motar da ba ta kafewa ke nan? Wannan tambaya takan taso duk lokacin da damina ta kankama, hanyoyin karkara suka jiƙe, masu zuwa gona da masu kai kaya kasuwannin ƙauye suka fara kwana a taɓo. Bidiyoyin da ke yawo a TikTok da Facebook sun ƙara hura wutar zancen. Ana nuna motoci a Amurka da Ostireliya suna hawa duwatsun da mutum ma sai da rarrafe zai hau, mai kallo kuma ya ɗauka cewa tsayin motar da girman tayar ne sirrin.

Amsar ita ce a'a, ba haka kawai ba. Kowane gyara da aka yi wa mota yana ba ta wani abu, yana kuma karɓe wani. Abin da ke fitar da mota daga yashi ko laka sau da yawa ba ya cikin abubuwan da ido ke gani daga nesa, kuma gyaran da ya fi burge mai kallo shi ne ya fi saurin kifar da mota a kan kwalta.

Daga ina abin ya taso?

Motar da ƙafafunta huɗu duka ke ja ta bazu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Jeep ɗin da sojojin Amurka suka yi yaƙi da ita daga 1941 ta koma hannun manoma da mafarauta, Ingila ta fito da Land Rover a 1948, Japan ta biyo baya da motar da aka raɗa wa suna Land Cruiser a 1954, Hilux kuma ta zo a 1968.

A Amurka abin ya koma wasa da sha'awa. Akwai wata tsohuwar hanyar duwatsu a jihar Kalifoniya mai suna Rubicon, tsawonta kusan kilomita 35 ne kacal, amma mutane kan kwana a cikinta kafin su fita, kuma tun 1953 ake taron shekara-shekara na ratsa ta. A garin Moab na jihar Utah ma ana irin wannan taro tun 1967. Motocin da ake gani a bidiyo galibi don irin waɗannan wurare aka gina su, inda gudun bai wuce na mai tafiya a ƙasa ba, kuma da yawa daga cikinsu ɗauko su ake yi a kan tirela zuwa bakin hanyar.

Ostireliya tata buƙatar daban ce: nisa, ƙura, da dabbobin da ke faɗowa titi da dare. Can ne kamfanin ARB ya fara ƙera bambar ƙarfe da kariyar ɗora kaya a saman mota a 1975. A Iceland kuwa, inda ƙanƙara ce matsalar, kamfanin Arctic Trucks yana sa wa Hilux tayoyi masu inci 38 har 44 domin ta yi ta shawagi a saman ƙanƙara ba tare da ta nutse ba. Wato kowace ƙasa ta gyara motarta ne daidai da irin ƙasar da take takawa. Wanda ya kwaso gyaran Moab ya kawo hanyar Agadas zuwa Dirku, ko hawan Mambila zuwa Gembu, ya sayi maganin ciwon da ba shi ke damunsa ba.

Ƙafa huɗu na ja, amma ba kullum ba

Nan ne rashin fahimta ya fi yawa, don haka bari mu tsaya a kai.

Yawancin motocin a-kori-kura irin su Hilux da Land Cruiser ta 79, wadda ake kira bafalo a Najeriya, da ƙafafun baya kaɗai suke tafiya a kan titi. Sai direba ya sa ogzilari sannan ƙarfin inji ya rabu zuwa gaba da baya. Ogzilarin nan hawa biyu ne. Akwai 4H, wanda ƙafa huɗu ke ja da gudu irin na kullum, ya dace da burji da yashi mara zurfi. Akwai 4L, wanda ke rage gudu ya ninka ƙarfin juya taya kusan sau biyu da rabi a waɗannan motoci. A Jeep Wrangler samfurin Rubicon ninkin ya kai sau huɗu. Shi ake sawa a hawa mai tsauri, a gangara mai santsi, ko lokacin fita daga taɓo.

A irin waɗannan motoci, da zarar an sa ogzilari, farfelar gaba da ta baya, wato sandunan da ke kai ƙarfin inji ga ƙafafu, sun ɗaure da juna, dole su juya daidai wa daida. A kan yashi ba matsala, domin taya na iya ɗan zamewa. A kan busasshiyar kwalta kuwa, idan mota ta sha kwana, ƙafafun gaba suna yin tafiya mai tsawo fiye da na baya, kuma babu inda bambancin zai fita. Sai ƙarafan su yi ta murɗewa, sitiyari ya yi tauri, tayoyi su cinye, wani lokaci wani abu ya karye a ciki. Direban da ya baro daji ya hau titi bai cire ogzilari ba yana lalata motarsa da hannunsa.

Sai babban lamarin. A tsakiyar kowane aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayar dama da ta hagu, akwai wani kumburi mai haƙoran giya a ciki, makanikai na ce masa difaransha. Aikinsa shi ne ya bar tayar dama da ta hagu su juya da gudu daban-daban a kwana. Amma yana da wata ɗabi'a: ƙarfin da yake ba taya ɗaya ba ya wuce wanda yake ba ɗayar. Idan tayar hagu ta faɗa santsi ko ta rataya a iska, ba ta buƙatar wani ƙarfi kafin ta juya, saboda haka ta dama da ke kan ƙasa mai kyau ita ma ba ta samun abin kirki. Shi ya sa za ka ga kat-kat, wato motar da ƙafa huɗu ke ja, mai tsada ta tsaya cak a ƙaramin kwazazzabo, taya ɗaya a gaba da ɗaya a baya suna ta wulwulawa, sauran biyun ko motsi. Motar ƙafa huɗu ce a takarda, a wannan lokacin kuwa biyu ne ke juyawa, kuma su ne marasa amfanin.

Maganin wannan shi ne makullin difaransha, wanda ke ɗaure tayoyin aksul ɗaya su juya tare ko ana ha-maza-ha-mata. Wasu motocin da shi suke fitowa daga kamfani, akwai maɓallinsa kusa da sitiyari, kuma masu motar da dama ba su taɓa danna shi ba. Waɗanda ba su da shi ana iya sa musu, akwai mai aiki da matsin iska, akwai mai aiki da lantarki. A ganina, a cikin dukkan gyare-gyaren da ake yi, babu wanda ya kai wannan canja halin mota a daji, kuma ba wanda zai gane an yi shi idan motar na tsaye a ƙofar gida. Sharaɗinsa ɗaya: a kashe shi da zarar an wuce wurin wahala, musamman na gaba, domin mota mai kullallen aksul ba ta son shan kwana.

Abin da ɗagawa ke ɗagawa

Ɗaga mota iri biyu ne. Na farko, a raba bodi da shasi a cusa wasu ƙulu-ƙulu a tsakani. Wannan ba ya ƙara wa cikin mota tazara da ƙasa ko kaɗan, wuri kawai yake buɗe wa babbar taya. Na biyu, a canja sifirin da shokazoba a sa masu tsawo. Wannan yana ɗaga shasi da inji da giyabos, kuma yana da amfani na gaske: goshin mota ba ya saurin dukan tudu, gindinta ba ya jan ƙasa idan ta fito daga rafi, cikinta ba ya saurin ɗarewa a kan ƙunya ko tudun yashi.

Sai dai a motar da ke da aksul na sanda, kumburin difaransha yana nan inda yake. Sifirin a samansa yake, don haka ko inci goma aka ɗaga, shi bai motsa ba. A hanyar damina da manyan motoci suka yi wa kwari biyu da tudu a tsakiya, wannan kumburi ne ke fara kama ƙasa. Abin da ke ɗaga shi taya ce kawai.

Farashin ɗagawa kuma yana da yawa. Hilux ta zamani ba ta da aksul na sanda a gaba, kowace ƙafa da nata hannu da shaf mai gaɓa. Idan aka ɗaga fiye da kima, gaɓoɓin nan suna aiki a karkace, robar da ke rufe su ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, sai a fara jin ƙas-ƙas a kwana. Saitin ƙafafu ya kauce, mota ta riƙa yawo a titi. Wannan ne dalilin da ya sa masu sana'ar a ƙasashen da abin ya kafu suka fi tsayawa a wajen inci biyu, wato santimita biyar, ga irin wannan mota, sai fa idan za a canja hannuwan ƙafa da sauran abubuwan da ke tare da su.

Mafi muni shi ne kifewa. Duk abin da aka ɗaga, nauyinsa ya hau sama tare da shi, kamar jakin da aka labta wa kaya a tsaye, ɗan tuntuɓe kaɗan ya isa. A 2016 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin, Teknikens Värld, ta gwada sabuwar Hilux da ba a taɓa komai nata ba, a gwajin kauce wa dabbar da ta faɗo hanya kwatsam. A gudun kusan kilomita 60 cikin sa'a ƙafafu biyu suka bar ƙasa, saura ƙiris ta kife. Daga baya kamfanin ya gyara na'urar daidaita motar. To idan haka ta faru da mota a tsayinta na asali, sai a auna wadda aka ƙara wa inci huɗu, aka ɗora mata jarkoki a kariya, tana gudu 120 a hanyar Kano zuwa Zariya, akuya ta gitta.

Taya: girma da iska

Tayar da Hilux ta zamani ke zuwa da ita tsayinta kusan inci 31 ne. Idan aka koma mai inci 33, abin da cikin mota ya samu inci ɗaya ne tak, santimita biyu da rabi, domin rabin ƙarin yana sama da aksul. Ba a raina shi ba, a kwarin hanya inci ɗaya na iya raba wanda ya wuce da wanda ya kwana. Amma ga abin da ke biyo baya.

Kowane juyi na tayar ya ƙaru da kusan kashi shida cikin ɗari. Allurar gudu za ta nuna 100 alhali motar na yin 106. Da taya mai inci 35 kuwa, 100 ɗin ta zama kusan 113. Inji yana jin kamar an tashi da shi a giya ta sama, mota ta yi nauyin tashi, kuloci ya sha wahala, shan mai ya ƙaru. Birki ma aikinsa ya ƙaru, domin tsayar da babbar taya mai nauyi ya fi wuya, kuma birkin bai san an canja komai ba. Boris da sandunan sitiyari suna ɗaukar dukan da ba don shi aka ƙera su ba. Wanda ya san abin da yake yi, idan ya sa taya mai inci 35, yakan buɗe difaransha na gaba da na baya ya canja haƙoran giyar don ƙarfin ya dawo. Dole kuma na gaba da na baya su zo daidai. Wannan aiki ne mai tsada da ke son gwanin makaniki, shi ya sa yawancin masu sa babbar taya don ado ba sa yin sa.

Zanen taya ma ya danganta da ƙasa. Mai manyan haƙora ta laka ce, tana cizon taɓo tana watsar da shi. A kwalta tana kuka, tana saurin cinyewa, kuma idan an yi ruwa ba ta kama titi kamar taya mai ƙananan zane. A yashi mai laushi tana iya haƙa wa kanta rami idan direba ya cika totur.

Yanzu ga abin da ba ya cin ko kwabo, wanda direbobin hamada suka daɗe da sani: rage iska. Tayar da ke tafiya da awo 30 zuwa 35 a gejin mai faci, idan aka sauke ta zuwa 15 ko 20, tafinta yana ƙara tsawo a ƙasa, nauyin mota ya bazu, sai ta hau saman yashi maimakon ta huda shi. Mota da tayarta ta asali, da iskar da ta dace, takan wuce inda ɗagaggiya mai tayoyi cike tam ta nutse har aksul. Haɗarin kuma a bayyane yake. Taya mai ƙarancin iska tana zafi idan aka yi gudu da ita, tana iya fashewa, tana iya zamewa daga rim a kwana mai kaifi. Don haka wanda zai rage iska dole ya kasance da geji da famfon mayarwa a cikin mota, ya cika kafin ya hau kwalta. Kuɗin waɗannan biyu bai kai na taya ɗaya ba.

Nauyi, wanda ba a cika lissafawa ba

Hilux mai ƙofa huɗu an ƙera ta ne ta ɗauki kusan tan ɗaya, kuma a cikin tan ɗin har da direba da fasinjoji da duk wani ƙarfe da aka ƙara mata. Mu yi lissafi. Bambar ƙarfe da winci, wato na'urar da ke naɗe igiya ta jawo mota daga taɓo, kusan kilo 100. Kariya da safayar taya ta biyu, wajen 80. Duro ɗaya na man gas mai lita 200, kusan kilo 170 ban da nauyin duron. Jarkar ruwa huɗu masu lita 25, kilo 100. Mutum biyar, 350. An kai 800 ke nan, ba a ɗora buhu ko ɗaya ba.

Babu inda wannan lissafi ya fi zama batun rai da mutuwa kamar arewacin Nijar. Daga Agadas zuwa Dirku kusan kilomita 650 ne ta cikin hamadar Tenere, babu gareji, babu gidan mai. Gyaran da direbobin wannan hanya ke yi ba shi da alaƙa da ado: ƙarin ganyen sifirin a baya, ƙarin mazubin mai, safaya biyu, shebur, farantan ƙarfe na shimfiɗawa a ƙarƙashin taya, da sandunan da fasinjojin baya ke riƙewa don kada su faɗo. Ana ɗora wa mota ɗaya mutum ashirin ko fiye. Ƙarin sifirin yana hana gindin mota zama, gaskiya ne, amma bai ƙara wa aksul ko boris ko birki ko shasi ƙarfin komai ba. Motar ta daina nuna alamar ta gaji ne kawai. A tsakiyar 2017 mutum 44, yawancinsu 'yan Ghana da Najeriya, har da mata da ƙananan yara, sun mutu da ƙishirwa a wannan yanki bayan motarsu ta lalace. Abin da ya sa nake ganin ya kamata a riƙa ambaton wannan a duk zancen gyaran mota shi ne, a hamada ƙarfin hawa dutse ba shi ne abin nema ba, abin nema shi ne motar da ba za ta tsaya ba, wadda in ta tsaya ma za a iya gyara ta da abin da ke hannu.

Wannan ne ma dalilin da ya sa Land Cruiser ta jerin 70, da aka fara ƙerawa a 1984, har yau take da daraja daga Agadas zuwa Chadi da Sudan. Injinta na gas mai lita 4.2, wanda ake kira 1HZ, ba shi da wani gudu, amma ba shi da kwamfutar da za ta rikice, kuma makanikin kowane gari ya san cikinsa. Haka tsofaffin Land Rover da ke jigilar kaya a tsaunin Mambila. Duk ƙarin da aka yi wa mota da wani kayan da babu irinsa a kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, an ƙara mata wurin da za ta lalace a rasa magani.

Bututun iska da winci

Bututun da ke hawa gefen gilashi yana ɗauko wa inji iska daga sama. Amfaninsa na kullum rage ƙura ne, musamman ga motar da ke bin bayan wata a ayari. Amfaninsa na biyu hana inji shan ruwa. Ruwa ba ya matsuwa, idan ya shiga silinda sandar fistin ce ke lanƙwashewa, injin ya tashi aiki nan take. Amma bututu bai mayar da mota kwale-kwale ba. Zurfin da kamfani ya yarda Hilux ta zamani ta shiga santimita 70 ne. Sama da haka akwai wayoyin lantarki da kwamfutar inji, akwai fankar lagireto, akwai ƙananan kafofin numfashi na aksul da giyabos waɗanda ke zuƙar ruwa idan ƙarfe mai zafi ya shiga sanyi. Ruwa mai gudu kuwa, zurfin santimita 60 ya isa ya tafi da yawancin motoci har da manya. Bututu ya sa direbobi da dama shiga rafin da da sun jira ya janye.

Winci yana da amfani inda akwai itacen ɗaurawa ko wata motar, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce ƙarfinsa ya kai nauyin mota da kayanta sau ɗaya da rabi. Wurin ɗaura igiya shi ne abin tsoro. Ƙwallon jan tirela da ke bayan wasu motoci ba a yi shi don fizga ba, yana iya tsinkewa ya taho kamar harsashi, kuma ya kashe mutane a Ostireliya. Idan ana jan mota a ƙauye yara kan taru su kewaye wurin. Aikin farko kafin a ja shi ne a kore su nesa.

Masu so da masu ƙi

Masu gyara suna da hujja mai ƙarfi. Kamfani yana ƙera mota ɗaya ne don duniya duka, yana neman tsaka-tsaki tsakanin daɗin zama da tsimin mai da arha. Wanda aikinsa kai allurar rigakafi ƙauyukan da ke bayan fadama ne, ko haƙa rijiyar burtsatse, ko kwaso hatsi daga gona a watan Agusta, ba tsaka-tsaki yake buƙata ba. Shokazoba mai jure zafi, farantin kare cikin inji, taya mai kaurin gefe da ƙaya ba ta hudawa da sauƙi, waɗannan duk gyara ne da ke biyan kuɗinsa.

Masu adawa kuma suna duban wanda ke wajen motar. Goshin motar zamani an yi shi ne ya lotsa ya shanye duka. Bambar ƙarfe ba ta lotsawa, dukan gaba ɗaya yana komawa jikin wanda aka buge, kuma wadda aka haɗa a wurin mai walda ba tare da gwaji ba tana iya rikita lokacin da jakar iskar da ke kare na cikin mota a haɗari za ta buɗe. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2005 da ta taƙaita irin waɗannan bambobi, Indiya ta hana su a ƙarshen 2017. A Amurka, cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshora, IIHS, ta bayyana a 2023 cewa motocin da tsayin goshinsu ya wuce inci 40 sun fi masu gajeren goshi kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin ɗari. Doguwar mota tana dukan ƙirji da kai, gajera tana dukan ƙafa. Jihar North Carolina ta haramta salon ɗaga gaban mota a bar bayanta ƙasa a 2021, saboda direba ba ya ganin abin da ke gabansa. Ostireliya, inda aka fi kowa son wannan harka, ba ta hana ba, amma a yawancin jihohinta ɗagawar da ta wuce ɗan ƙaramin mizani, wajen milimita 50 a sifirin, sai injiniya ya duba ya sa hannu.

Ni dai ina ganin tsarin Ostireliya ya fi kusa da daidai, domin ya yarda akwai buƙata, ya kuma ƙi barin kowa ya zama injiniyan kansa. A titunanmu kuwa hujjar masu adawa ta fi nauyi fiye da yadda take a Turai. Wanda ke gaban bambar nan ɗan acaɓa ne, ko mai Keke Napep, ko yarinya mai talla, ko almajiri da ke tsallaka titi. Fitilar motar da aka ɗaga ba a sake saita ta ba tana shiga idon mai tahowa kai tsaye, balle a ce an jera mata ƙarin fitilu masu farin haske a sama ana kunna su cikin gari.

Abin da ya shafi aljihu da gona

Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a ranar 29 ga Mayun 2023, kowace lita ta zama abin lissafi, man gas kuwa dama ya daɗe da tsada. Babbar taya da ƙarin ƙarfe da kariyar da ke tare iska duk suna ƙara shan mai a kowace tafiya, har da ranakun da motar ba ta bar kwalta ba, waɗanda su ne suka fi yawa. Mai sabuwar mota ya sani cewa kamfani na iya ƙin ɗaukar nauyin ɓarnar da gyaransa ya jawo. Tsadar manyan tayoyi kuma tana tura mutane ga na hannu. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya mai kyan zane a ƙarƙashin doguwar mota mai kaya, cikin zafin watan Afrilu, haɗari ne babba.

Akwai kuma mutanen da hanyar ta ratsa garinsu. A Amurka hukumar kula da dazuzzuka ta fara wani shiri a 1985 mai suna Tread Lightly don koya wa masu shiga daji da mota kada su bar hanyar da aka shata. A wajenmu ɓarnar ta fi kusa da tukunyar mutane. Mota mai manyan haƙoran taya idan ta yi ta wulwula a hanyar damina, tana barin kwari mai zurfin da ƙaramar mota da amalanke da babur ba za su iya bi ba, ruwa kuma ya bi kwarin ya mayar da shi zaizaya. Idan direba ya kauce wa taɓon, cikin gonar wani yake bi, a kan gero ko dawar da ta fara tasowa. Na bayansa ya bi sawunsa, kafin kaka an yi sabuwar hanya a tsakiyar gonar, kuma mai gonar ba shi da wanda zai kai ƙara domin bai san ko motar wace ce ba.

Wanda zai sayi irin wannan mota a hannu, musamman waɗanda suka yi aikin kamfani ko na hamada, ya shiga ƙarƙashinta da tocila kafin ya yi ciniki. Ya duba shasi a daidai inda sifirin baya ke kamawa da kuma tsakanin ɗakin direba da bodin kaya, can ne nauyi ke fara tsaga ƙarfe, can kuma ake ɓoye walda da baƙin fenti. Ya sa a kwance noti a ga man difaransha, idan ya yi fari kamar madara to ruwa ya shiga. Ya duba robar shaf ta gaba, ya sa ogzilari a kan ƙasa mai laushi ya ji ko yana shiga yana fita ba gardama, sannan ya tambayi ko an canja haƙoran giya lokacin da aka sa manyan tayoyin, a gaba da baya duka.